Madubin hangen nesa na Kershaw, ƙirar 1943: sharhi bayan na yi amfani da shi

Wanda ke neman madubin hangen nesa don ya ga abu tar da shi, ya sayi na zamani, ya fi haske kuma ba ya wahalar samu. Wannan na sojan Ingila da na saya wurin wani mai sayar da tsofaffin kaya, shekarunsa ne suka ja ni, don haka kafin in yi maganar yadda yake aiki sai na fara da yadda na tabbatar ba jabu ba ne.

Mai kayan ya ce mini: "Alhaji, wannan na mazan jiya ne, daga Burma aka zo da shi." Maganar ba ta rasa tushe. Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma sun yi yaƙi da Japan a Burma tsakanin 1943 da 1945, a kwarin Kaladan da yankin Arakan, kuma Hausawa da yawa na cikinsu. Kayan aikinsu na Ingila ne. Amma babu abin da ke jikin madubin da zai nuna hannun wa ya riƙe shi, kuma na faɗa wa mutumin cewa kuɗin madubi zan biya, ban da kuɗin labari. Ya yi dariya, ya rage.

Abin da ake iya tabbatarwa yana kan faranti biyun da ke kusa da wurin sa ido. A ɗaya an zana BINO PRISM No 2 MK II x6, a ɗayan sunan KERSHAW da shekarar 1943. Kershaw kamfani ne na birnin Leeds, kuma ba shi kaɗai ya ƙera wannan samfurin ba, Taylor-Hobson na Leicester ma ya yi. Sai alamar kibiya mai layi uku, wadda ke nuna kayan gwamnatin Ingila ne. Na sa gilashin ƙara girma na duba rubutun da kyau. Zurfinsa iri ɗaya ne, fentin gefensa ya goge daidai da na sauran jiki, dattin da ke cikin ramin haruffan kuma tsoho ne, ya daskare. Rubutun da aka ƙara daga baya yakan fito da ƙarfe mai sheƙi a ciki, bakinsa da kaifi, wani lokaci haruffan ba su hau layi ɗaya ba. Kowane ido kuma ana murɗa shi daban, babu abin murɗawa a tsakiya, haka na soja yake domin ƙura da ruwa kada su samu hanya. A idon dama akwai ƙananan layuka da aka zana a gilashi don ƙiyasta nisa. Nawa suna nan. An cire wa wasu bayan yaƙi lokacin da aka sayar wa farar hula, saboda haka rashinsu kaɗai ba ya mai da madubi jabu.

Mutumin ya kuma ɗauko mini wani da ya kira na sojan Hitila, kuɗinsa ya fi na wannan nesa ba kusa ba. An rubuta Carl Zeiss Jena, 8x30 (wato yana jawo abu sau 8, faɗin gilashin gaba milimita 30), da abin murɗawa a tsakiya, ga wata gaggafa irin ta tambarin sojan Hitila da aka zana a gefe, sabuwa fil. Madubi ne mai kyau, amma irin na farar hula ne da Jamus ta Gabas ta yi ta fitarwa bayan yaƙi. Wanda sojan ƙasa na Jamus suka fi riƙewa 6x30 ne mai rubutun Dienstglas, wato madubin aikin soja, kuma da yaƙi ya yi nisa sai aka daina sa sunan kamfani, aka koma haruffa uku ƙanana: blc na Zeiss, beh na Leitz, cag na Swarovski, ddx na Voigtländer. Ina jin shi ma mai kayan haka aka sayar masa.

To, aiki fa? Nawa na Kershaw yana jawo abu sau 6, faɗin gilashin gaba milimita 30. Wasu za su raina sau 6, ni kam na yaba: hoton ba ya rawa a hannu, kuma yana ɗauko fili mai faɗi. Ranar hawan sallah daga saman bene na bi dawakai da shi ba tare da sun kuɓuce mini ba, har ina rarrabe adon linzami. A gona ma ya yi mini amfani wurin hango dabbobi a can gefen shuka. Da zarar ka daidaita kowane ido, abin da ke nesa ba ya bukatar sake murɗawa.

Aibinsa na bayyana da yamma. Gilashinsa ba shi da shafin nan mai launin shuɗi da ke rage asarar haske, don haka ana dosar magariba hoton sai ya dushe, in ka fuskanci rana kuma sai farin hazo ya rufe. Mai sa tabarau zai sha wahala, sai ya cire kafin ya ga fili duka. Da na haska tocila ta gilashin gaba na ga ɗan gansakuka a gefe ɗaya, siririya kamar saƙar gizo. Ba ta hana gani, amma tun daga nan ba na barinsa cikin jaka da damina. Gwajin da ya fi muhimmanci shi ne ka kalli wayar lantarki daga nesa: in ta rabu biyu, gilasan ciki sun goce, kuma samun mai gyaran da ya iya daidaita su aiki ne. Nawa ya nuna waya ɗaya. Wani makanikin agogo ya nemi in ba shi ya buɗe ya goge cikin, na ce masa a'a.