Safar hannun 'yan ɗaga ƙarfe, gaskiya bata hana kantar hannu tsagewa

Masu tambayata kan safar nan ta jim (wurin motsa jiki), wacce ake yanke mata kan yatsu a saka soso a tafin hannu, ga abinda na gani bayan na daɗe ina amfani da ita. Idan don kare kantar hannu zaka saya, musamman kai mai dedlif (ɗago sanda mai nauyi daga ƙasa) da fulof (kama sanda a sama ka ja jikinka), wallahi riƙe kuɗinka.

Tana da nata amfanin, bazan zalunceta ba. Wajen benci (kwanciya kan benci kana tura sanda sama) da duk wani abu da turawa ake yi tana da daɗi, kuma mu da muke jim ɗin unguwa inda ƙarfen rodi ne aka zuba masa siminti gefe da gefe, ga tsatsa ga rana ta gasa shi, tana kare hannu sosai. Maɗaurin wuyan hannun ma ba laifi. Amma da an zo wajen ja sai matsala ta fara. Sandar maza ta gasar Olamfik kilo 20 ce, kaurinta milimita 28, an yi ta ne daidai yadda yatsu zasu zagayeta, to ka ƙara mata soso sai ta ƙara kauri, riƙo ya yi rauni, ka ji hannunka ya gaji tun bayanka bai fara jin komai ba. Sannan gumi yana taruwa a ciki, fata ta jiƙe ta yi laushi, yadin ya riƙa naɗewa daidai gindin yatsu yana murzar wajen da kantar take. Safata ma ɗinkin tsakanin babban yatsa da manuniya ne ya fara ɓarkewa, ga wari idan ka manta ta a jaka.

Ita kanta ai ba cuta bace, jiki ne yake kare kansa. Abinda ke sa ta tsage shine ta yi tudu ta bushe, sai ƙarfe ya kama bakinta ya ɓantare ta gaba ɗaya har da lafiyayyar fatar dake ƙasa. Kuma yawancin 'yan jim tsakiyar tafi suke ɗora sandar, da nauyi ya ja sai fatar ta tattaru ta matse a gindin yatsu. Sauko da sandar daidai inda yatsu suka haɗu da tafi kafin ka damƙe, zakaga bambanci tun ranar, wannan kuma ba safar da zata yi maka shi.

Maimakon safa ka sayi dutsen goge kaushi da man kaɗe da alli. Dutsen nan da iyayenmu mata ke goge dunduniya dashi, shi ɗin dai. Bayan wanka lokacin da fata ta jiƙa sai ka goge kantar a hankali har ka shafa ka ji ta yi daidai da sauran tafin, kar ka cinye ta duka don kana buƙatarta, kuma dan Allah a bar reza, na ga wanda ya yanka har jini yana neman gyara. Da daddare ka shafa man kaɗe ko basilin, balle lokacin hunturu da hannu ke bushewa ya daddare. Allin kuma na 'yan ɗaga ƙarfe nake nufi, magnesium carbonate, ba na allon makaranta ba, yana shanye gumi ƙarfe ya daina zamewa, amma kaɗan ake sawa kuma a wanke hannu da an gama don shima yana busar da fata. Ranar nauyi mai yawa igiyar nan da ake naɗawa a wuyan hannu da sanda ta fi safa amfani nesa ba kusa ba.

Idan kantar ta riga ta tsage, wanke da ruwa mai tsabta da sabulu duk da raɗaɗin, ka yanke fatar dake reto da tsabtataccen abin yanke farce, ka shafa basilin ka rufe da filasta. Kar ka barta ta bushe a buɗe, da ka miƙe yatsu zata sake dagargajewa. Ka canza filasta idan ta jiƙe wajen alwala, ka koma atisayen ƙafa har ta haɗe. In ka ga kumburi, mugunya ko zafin yana ƙaruwa, ko ƙarfen mai tsatsa ne kuma ka daɗe baka yi allurar tetanus ba, je asibiti kawai. Mai ciwon suga kuma kar ya taɓa yankan komai da kansa.

Safar dai ina bata biyu cikin biyar, ta benci ce da ƙarfe mai zafi.