Furen betoni: iri za ka saya ko dashe, kuma wane nau'i?

Duk wanda ya zauna a Ingila ko Jamus ya samu ɗan fili a bayan gida, ba ya daɗewa sai ya fara neman abin da zai shuka sau ɗaya ya huta. Betoni na cikin irin waɗannan. Ɗan asalin Turai ne da yammacin Asiya da arewacin Afirka, danginsu ɗaya da na'ana'a da daddoya, in ka murza karansa da yatsa za ka ji kusurwa huɗu gare shi kamar nasu. Sai dai shi ba ya yaɗo ya cinye fili yadda na'ana'a ke yi. A dunƙule yake zama, ganye a ƙasa, sannan daga Yuni zuwa Satumba ya fitar da dogayen kara masu fure shunayya mai ja-ja, tsayinsu santimita 30 zuwa 60.

Kafin ka ciro kuɗi, duba sunan Latin da ke jikin tukunya. Abin da kake nema shi ne Betonica officinalis, wasu masu sayarwa kuma har yanzu Stachys officinalis suke rubutawa, duk abu ɗaya ne. A Amurka akwai wani tsiro daban, Pedicularis canadensis, da shi ma ake kira wood betony, sunan betoni a Turanci, wanda ke tsotsar abinci daga saiwar tsirran da ke kusa da shi, ga wuyar raino. Akwai kuma Betonica macrantha na tsaunukan Kokesas, mai manyan furanni da faɗin ganye. Kyakkyawa ne, amma ba shi ba ne.

Iri ya fi komai araha, kuma nan ne na taɓa kwana ciki. Na sayi ƙunshi a intanet a wajen wani mai sayarwa da ya rubuta sunan fitaccen nau'i a jiki, na shuka a Afrilu a bakin tagar kicin, mako shida ina ba ƙasa ruwa kamar mai jiran gawon shanu. Ashe irin betoni sai ya sha sanyi kafin ya tsiro. Shi ya sa ake shuka shi a kaka a bar shi a waje hunturu ya bi ta kansa, ko a sa shi a firji cikin yashi mai danshi na 'yan makonni. Ko ya tsiro, galibi sai shekara ta biyu zai yi fure. Abin da ya fi ƙona min rai, nau'o'in da aka zaɓa aka ba suna ba sa fitowa daidai daga iri, sai ta hanyar raba gindi. 'Yan ƙalilan da suka tsiro min, kowanne da kalarsa da tsayinsa. In babban fili gare ka kana son ya yi kama da makiyaya, sayi irin na daji, ba laifi. In kuwa 'yar ƙaramar farfajiya ce, ka rufa wa kanka asiri.

Dashe kashi uku ake samu: ƙananan 'yan tsirrai a faranti, tukunya mai santimita 9, da babba mai lita 2. 'Yan faranti na bukatar raino, dodon koɗi maras ƙoƙo kan lashe su dare ɗaya. Mai lita 2 kuɗinsa kan ninka, abin da ka saya kawai shi ne furen bana. Ni na tsakiya nake zaɓa. Sayi uku ko biyar, ka ba su tazarar santimita 40, shekara biyu sun haɗe. A shago ka juya tukunyar ka leƙa ƙasanta: farar saiwa kaɗan ta leƙo, madalla, in ta nannaɗe ta yi tauri kamar gammo, mayar musu da abinsu.

A nau'o'i kuwa, Hummelo ne sarki. Ernst Pagels, wani Bajamushe mai rainon tsirrai, shi ya zaɓo shi, aka sa masa sunan ƙauyen Holan inda lambun Piet Oudolf, fitaccen mai tsara lambuna, yake. Ya fi sauran 'yan uwansa maki a gwajin da lambun tsirrai na Shikago ya yi, kuma a 2019 ƙungiyar masu furannin dindindin ta Amurka ta zaɓe shi furen shekara. Karansa a tsaye yake cak, ba ya neman sanda, furen ya fi na daji cika. Rosea ruwan hoda ne mai haske, Alba fari. Farin yana burge ni a hoto, amma idan furen ya fara bushewa sai ya yi kamar tsumman da aka goge tukunya da shi.

Wasu don shayi suke saya. Tun zamanin Rumawa ake zuzuta shi, har akwai rubutun da ake jinginawa ga Antonius Musa, likitan Sarki Agustas, mai cewa yana maganin cuta 47. Wannan Musan dai ba namu ba ne, ni kuma don ƙudan zuma na shuka nawa, da safe sai ka ji gindin yana ta ɗumi da su.

Wuri mai rana yake so ko inuwa kaɗan, da ƙasa mai danshi wadda ruwa ba ya kwanciya a kanta da hunturu. Wata 'yar uwata ta ce in kai mata Kano, na ce Yaya ki bar wa daddoyarki wurinta, wannan da hunturun Turai ya saba. In kana da maƙwabcin da nasa ya kai shekara uku ko huɗu, jira bazara ko kaka lokacin da zai raba gindin, ka je da shebur ɗinka da tukunya.