Sharhi kan dashen batirin zuciya da wurin da aka zaɓa masa a ƙirjina

An dasa mini na'urar daidaita bugun zuciya, wadda aka fi sani da batirin zuciya, a wani asibitin koyarwa da ke Arewacin Najeriya, bayan gwaji ya nuna cewa saƙon lantarkin da ke tashi daga saman zuciyata ba ya isa ƙasanta yadda ya kamata. Bugun ya sauko ƙasa da 40 a minti, alhali na baligi mai lafiya yana tsakanin 60 da 100 idan yana hutawa, shi ya sa jiri da kasala suka hana ni sakat. Game da aikin na'urar ba ni da ƙorafi, domin jirin ya tafi, numfashina kuma ya dawo daidai. Abin da ya fi cancantar sharhi a wurina shi ne wurin da aka ajiye ta, saboda shi mutum yake ji a jikinsa dare da rana, kuma majinyata da yawa ba su san cewa suna da ta cewa a kansa ba.

Na'urar ba ta kai kwalin ashana kauri ba, kuma bisa al'ada ana yi mata gurbi ne a saman ƙirji, ƙasa kaɗan da ƙashin da ya tashi daga gindin wuya zuwa kafaɗa. Daga nan ake zura siraran wayoyi ta cikin jijiyar jini har su isa ɓangaren dama na zuciya. Yawanci ba a sa mutum barci gaba ɗaya, allurar kashe zafi ake yi a wurin, aikin kuma yakan ɗauki awa ɗaya zuwa biyu.

Kafin ranar tiyata likitan zuciyar ya zaunar da ni ya tambaye ni hannun da nake aiki da shi, da irin sana'ata, da ko an taɓa yi mini wani aiki a ƙirji ko a kafaɗa. Ya bayyana mini cewa an fi zaɓar hagu saboda yawancin mutane da dama suke aiki, kuma wayoyin sun fi samun hanya mai sauƙin lanƙwasa daga wannan ɓangaren zuwa zuciya. Akwai waɗanda ake kai wa dama, kamar bahago, ko wanda ake yi wa wankin ƙoda ta jijiyar hannun hagu, ko matar da aka yi wa aikin cire nono a wannan gefen, ko maharbin da yake dafa gindin bindiga a kafaɗar hagu. Ni da dama nake ci, da ita nake rubutu, don haka hagu ta dace da ni. Sai dai na gaya masa cewa ina yawan tuƙi tsakanin Kano da Zariya, kuma tunda sitiyarin motocinmu a hagu yake, bel ɗin direba ta kafaɗar hagu yake ratsowa, daidai inda za a yi gurbin. Ya saurare ni da kyau, ya ce, "Malam, wannan magana ce mai muhimmanci, amma matsalar bel tana da magani mai sauƙi, hannun da kake rayuwa da shi kuwa ba ya sauyuwa." Ya ƙara da cewa zai ɗan matsar da gurbin gwargwadon yadda jijiyar ta ba da dama.

Tambaya ta biyu ita ce zurfi, kuma a nan ne na fi yaba wa likitan. Mafi yawan mutane ƙarƙashin fata ake sa musu, a saman tsokar ƙirji, domin aikin ya fi sauƙi, ciwon ya fi saurin lafawa, kuma ranar da za a sauya batir ba a shan wahalar kai wa gare shi. Ni kuwa siriri ne, babu kitsen kirki a ƙirjina, kuma a irin wannan jiki na'urar takan yi tudu a fili, fatar da ke samanta ta yi ta gogayya da tufafi, wani lokaci ma ta sirance har a ji tsoron kada ta ɓule. Saboda haka ya ba ni zaɓin a sa ta ƙarƙashin tsoka, bai kuma ɓoye mini cewa zan fi jin zafi a farkon lamari ba, haka nan aikin sauya batir zai fi na sauran mutane wuya. Na zaɓi ƙarƙashin tsoka, kuma har yanzu ina ganin zaɓin ya dace da irin jikina.

Zafin da ya faɗa gaskiya ne. A makonnin farko ko juyi a kan gado sai da dabara, kwanciya a gefen hagu kuwa ba ta yiwu ba sam, sai dai rigingine ko gefen dama. An hana ni ɗaga hannun hagu sama da kafaɗa da ɗaukar kaya masu nauyi na kimanin makonni 4 zuwa 6, don kada wayoyin su goce kafin su kama jikin zuciya, amma an gargaɗe ni kada in ƙame hannun gaba ɗaya, domin kafaɗa tana iya sandarewa. A sallah na riƙa tsayar da hannu daidai kafaɗa lokacin kabbara, a sujada kuma na fi jingina nauyina a hannun dama, har tsokar ta saki. Sa babbar riga ta fi komai ba ni wahala a lokacin, sai na koma riga mai maɓalli a gaba. Bayan wurin ya warke, tudun da ya rage kaɗan ne ƙwarai, wanda bai sani ba ba zai lura ba, kuma yanzu ina kwanciya a kowane gefe.

Bel ɗin mota bai daina taɓa wurin ba, musamman a doguwar tafiya idan hanya ta yi gargada. Ɗan matashi mai laushi da aka naɗe a jikin bel ɗin ya rage damuwar sosai, kuma ban ga dalilin da zai sa mutum ya bar ɗaura bel saboda wannan ba.

Inda asibitin ya gaza a ganina shi ne bayanin da ake bai wa majinyaci ranar sallama. An ba ni katin na'ura da ranar dawowa, amma babu wanda ya yi mini maganar wayar salula sai da na je dubawa na tambaya da kaina. Ƙa'idar ita ce a nisanta wayar da na'urar da aƙalla santimita 15, a kuma riƙa amsa kira da kunnen ɗaya gefen. Wannan ba ƙaramar magana ba ce ga maza a ƙasar Hausa, domin aljihun ƙirjin kaftani a hagu teloli suke ɗinka shi, kuma nan ne wurin ajiyar waya ga mutane da dama. Da a ce an rubuta irin waɗannan bayanai da Hausa a takarda guda, har da gargaɗi kan walda da kusantar manyan injinan lantarki, da an sauƙaƙa wa iyalai da yawa.

Na tambayi likitan game da ƙaramar na'urar nan marar wayoyi, irin Micra ta kamfanin Medtronic da hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da ita a 2016, wadda ake shigarwa ta jijiyar cinya a kafa ta cikin zuciya ba tare da gurbi a ƙirji ba. Ya ce ba kowane majinyaci ta dace da shi ba, tsadarta ma ta fi ƙarfin yawancin mutanenmu, ni kuma mai wayoyi biyu ce ta fi dacewa da lalurata. Batirin irin tawa yakan yi shekaru 7 zuwa 12 gwargwadon yadda zuciya ta dogara da shi, kuma idan ya yi rauni gurbin nan dai za a sake buɗewa a sauya na'urar a bar wayoyin a inda suke, don haka na roƙi a rubuta a katina cewa tawa ƙarƙashin tsoka take, saboda likitan da zai yi aikin a wancan lokaci.