Ƙarin RAM 8GB a HP EliteBook 840 G3: aikin yana wajen saye

Laftof ta hannu da ake sayarwa a Beirut Road ko Farm Centre a Kano sau da yawa da RAM 4GB ko 8GB take zuwa, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke riƙe aikin da take kai. 4GB shi ne mafi ƙarancin abin da Windows 11 ke nema, kuma a aikace da ka buɗe Chrome da shafuka goma, ka ƙara Word da Zoom, injin ya fara ja da ƙafa. Na ƙara sandar RAM nau'in DDR4 ta 8GB, ta Samsung, irin wadda ake cirowa daga wata laftof, a kan 840 G3 mai 8GB tun asali. Hukuncina: kuɗin ya biya. Amma sakawar minti kaɗan ce, inda mutane ke asara shi ne gaban mai shago.

Kafin ka fita gida, danna Ctrl da Shift da Esc, ka shiga Performance, sannan Memory. Nan za ka ga yawan RAM, gudunta, da gurbi nawa ke cike. Idan ya nuna ɗaya cikin biyu, kana da wuri. Dubi kuma kashi nawa ake ci lokacin da kake tsakiyar aiki. In bai wuce rabi ba amma kwamfutar na nauyi, matsalarka ba RAM ba ce, wataƙila tsohon hard disk ne mai juyawa, kuma SSD, sabuwar ma'ajiyar fayil mai sauri, ya kamata ka fara saye. Manhajar CPU-Z kyauta ce, ita za ta faɗa maka ko DDR3 ce ko DDR4.

Wannan bambanci shi ne komai. 840 G1 da G2 DDR3L suke ci, mai haƙori 204. G3 kuwa DDR4 ce, mai haƙori 260, kuma tsagar da ke tsakanin haƙoran ba wuri ɗaya take ba, don haka ɗaya ba ta shiga gurbin ɗaya. Wannan kuskuren da sauƙi, tunda hannunka ma zai gaya maka. Wanda ya fi cin mutane shi ne DDR3 da DDR3L, domin su kam suna shiga gurbin juna lafiya lau. DDR3 tana aiki da bolt 1.5, DDR3L da 1.35. Ka saka ta 1.5 a injin da ke neman 1.35, kana iya kunnawa ka ga allo baƙi ƙirin. Karanta takardar da ke manne a jikin sandar: PC3L-12800S ita ce DDR3L, in taka G1 ce ko G2 kuma babu L ɗin nan, ka ajiye ta. Ta DDR4 za ka ga PC4-2133P, PC4-2400T ko PC4-2666V. Mai shago zai iya ce maka "yallaɓai duk ɗaya ne". Ba ɗaya ba ne. Tafi da laftof ɗin, a gwada a gabanka, a kuma yi maganar canji kafin kuɗi su bar hannunka.

Gudu kuwa kada ka biya ƙari a kansa. G3 a 2133 take tafiya, ko ka sa mata ta 2666 za ta sauko da ita. Iyakarta 32GB, wato 16GB a kowane gurbi.

Kayan aiki: ƙaramin sukundireba mai kan sta, da tsohon katin ATM. Kashe kwamfutar gaba ɗaya, ba rufe murfi ba, ka zare caja. Kwance sukurorin bayanta, ka jera su a faranti yadda ka ciro su, ka bi gefen murfin da katin har maƙalan su saki. Kada ka sa wuƙa. Batirin G3 a ciki yake, cire shi tukuna, sannan ka danne maɓallin kunnawa na ɗan lokaci don sauran wutar ta fita. Mutane na tsallake wannan, alhali sukuru ɗaya ya faɗa kan allon injin da wuta a jikinsa ya isa ya jawo gyara mai tsada.

A Kano da hunturu akwai ƙarin hatsari. Iska ta bushe, jiki na tara wannan wutar da ke ɗan jan mutum in ya taɓa ƙofar mota, kuma ita ce ke lalata RAM ba tare da ka ga alama ba. Kada ka yi aikin a kan kafet ko bargo. Taɓa ƙarfen taga ko famfo kafin ka fara, ka riƙe sandar ta gefe, ban da haƙoran zinaren.

Daidaita tsagar da ɗan tudun da ke cikin gurbin, ka tura sandar a karkace har haƙoran su kusan ɓacewa, sannan ka danna ta ƙasa. Maƙalai biyu na gefe za su ce ƙas. In ba ka ji ba, ko ka ga zinaren ya fito da yawa, ba ta zauna ba. Wannan ne dalilin yawancin ƙin tashi, fitilar Caps Lock ta yi ta ƙyaftawa. Buɗe maƙalan, ciro, sake sakawa. Sandar RAM ta hannu mai dattin haƙori kuma, goga ta a hankali da kilinar fensir, ka kaɗe ɓurɓushin.

Kunnawar farko takan ɗan jinkirta, bar ta. Da ta tashi, duba ko ta nuna 16GB. In ta tsaya a wajen 3GB da ɗoriya, Windows ɗinka mai bit 32 ce, sai an sake saka mai 64. Daga nan rubuta mdsched a wurin bincike, wato gwajin RAM na Windows, ka bar gwajin ya ƙare, ko ka yi amfani da MemTest86 a filashi in kana da tabbacin wuta. Kuskure ko ɗaya ne, mayar da sandar.

A aiki, canjin a fili yake: shafukan Chrome sun daina sake loda kansu, tsallakawa daga Excel zuwa Zoom ba jira. Sanda biyu kuma suna aiki tare, abin da ke taimaka wa HD 520, sashen sarrafa hoto na laftof ɗin, tunda daga RAM yake ɗiba. Lokacin tashi bai canza sosai ba, kuma manyan wasanni har yanzu sun fi ƙarfinta. Masu MacBook Air ko ThinkPad X1 Carbon kada su wahalar da kansu, tasu RAM ɗin a like take da allon injin.