Vespa 'yar Biyetnam: shekara guda ina hawanta

Sai da na kai ta gida ina goge mata ƙura na lura da ɗan rubutun da ke jikinta: a Biyetnam aka ƙera ta. Gabana ya faɗi, don a zatona Vespa Primavera 'yar Italiya na saya gaba da baya. Wani abokina har da dariyar ƙeta, wai an sayar mini da jabu.

Yanzu shekara guda ke nan ina hawanta, kuma rubutun nan ya daina damuna. Jikinta ƙarfe ne dunƙule guda, ƙwanƙwasa shi da yatsa za ka ji amonsa. Babu kuloci, babu canjin giya, murɗa totur kawai ka tafi. Ƙafafuna a ajiye suke gefe da gefe kamar ina kan kujera, garkuwar gaba kuma tana tare mini fantsamar ruwa, wandona ya isa ofis fes. Tayar gaba ta gefe ɗaya aka riƙe ta, irin ta jirgin sama. Ba mamaki, Corradino D'Ascanio, wanda ya zana Vespa ta farko da ta fito a 1946, injiniyan jirage ne.

Maganar jabun ce ta sa na bi diddigi. Ashe tun shekarunta na farko ake ƙera Vespa a wajen Italiya: kamfanin Douglas ya fara a Bristol ta Ingila a 1951. Bajaj na Indiya ya karɓi lasisi a 1960, da lasisin ya ƙare sai ya fito da tasa Chetak a 1972. 'Yan Tarayyar Sobiyet kuwa ba su nemi izinin kowa ba, suka kwaikwaye ta suka raɗa mata Vyatka. Waccan ce za a kira jabu. Masana'antar Biyetnam, da aka kafa a Vinh Phuc, ta Piaggio ce da kanta, wato kamfanin Italiya mai Vespa, tun 2009 take aiki.

Abin da mai niyyar saye ya kamata ya sani bai shafi ƙasar da aka ƙera ta ba, halin duk wani babur mai ƙananan tayoyi ne. Nata inci 12 ne. Ramin da babban babur zai haye ko gezau, a nan sai ka ji shi har gadon baya, musamman in ka yi goyo. Ni dai yanzu na haddace ramukan hanyata ta zuwa aiki ɗaya bayan ɗaya, ko da dare na san inda zan kauce.