IVUS ko OCT, da balan-balan iri biyu: amsa ga Hajiya

Hajiya, sannunku da jinya, Allah Ya ba Alhaji lafiya. Kun ce likitan zuciya ya faɗa muku jijiyar da ke ciyar da zuciyarsa ta cushe, kalsiyam kuma ya daskare a bangonta. A takardar kuɗin aikin an rubuta "IVUS ko OCT", ga kuma balan-balan iri biyu, ɗaya ya fi ɗaya tsada nesa ba kusa ba, kuna tambaya wanne za a zaɓa.

Ku leƙa cikin tsohuwar butar shayi, za ku ga farin ɓawo mai tauri manne a gindinta. Kusan haka abin yake, sai dai faɗin jijiyar bai wuce milimita 3 ko 4 ba. Ana so a kafa ƴar ragar ƙarfe, wato sitent, ta tokare hanyar jinin. In ɓawon bai tsage ba, ragar ba za ta buɗe sosai ba, kuma a nan ne jini ke gudaji ko hanyar ta sake cushewa. Hoton farko da aka yi masa da ruwan rini inuwar hanyar kawai yake nunawa, sau da yawa yakan raina yawan kalsiyam. Shi ya sa ake son leƙawa ta cikin jijiyar, aikin IVUS da OCT ke nan.

IVUS ɗan'uwan eko ne, irin wanda ake yi wa masu juna biyu, amma an ƙanƙance shi ya shiga jijiya. Yana hange har cikin zurfin bango, jini ba ya tare masa gani. Lagonsa ɗaya: amo ba ya ratsa kalsiyam, sai ya dawo ya bar duhu a baya. Zai nuna yadda ɓawon ya zagaye jijiyar da tsawonsa, amma kaurinsa sai dai kirdado.

OCT da haske yake aiki. Hotonsa ya fi na IVUS fitowa tangaran kusan sau 10, kuma hasken na ratsa ɓawon, har a auna kaurinsa. Likitoci na da ma'auni: in ya wuce rabin da'irar jijiyar, kaurinsa ya haura rabin milimita, tsawonsa ya fi milimita 5, to da wuya raga ta buɗe sai an fara fasa shi. Sai dai haske ba ya gani cikin jini, dole a kore jinin da ƙarin ruwan rini, ruwan nan kuwa ƙoda ce ke shan wahalar fitar da shi. Kun ambaci cewa Alhaji ya daɗe da ciwon suga. Nan ne na tsaya. In gwajin ƙodarsa ya nuna rauni, ni IVUS zan karkata. Haka ma in toshewar a bakin babbar jijiya take, inda kore jinin ke da wuya.

Sai balan-balan. Na farko ƙarfi ne zalla: ana zura shi cikin jijiyar a cika shi da ruwa har matsin ya kai 20 ko fiye a ma'aunin bar, tayar motarku kuwa 2 da ɗan wani abu ake sa mata. Ɓawo mara kauri yakan tsage, aiki ya yi kyau, kuɗi kuma da sauƙi. Mai kauri kuwa, ku tuna yaro ya hura balan-balan ɗin salla alhali zobe na tsakiyarsa: gefe da gefe sun kumbura, tsakiya ko gezau. Matsin sai ya koma kan lafiyayyen bango, yana iya yage shi.

Na biyun, wanda aka fi sani da Shockwave, dabarar fasa tsakuwar ƙoda aka aro. Matsi 4 kawai ake ba shi, sai ya riƙa sakin bugun amo da ke tsattsaga kalsiyam, nama mai laushi kuma bai cika taɓuwa ba. A 2021 Amurka ta amince da shi don jijiyoyin zuciya, kuma shi ne mai tsadar. Shi ma ba sha-yanzu-magani-yanzu ba ne. In hanyar ta tsuke har ba zai wuce ba, sai an fara shiga da ɗan kan ƙarfe mai ƙurar lu'ulu'u da ke juyawa ya kankare ɓawon.

Saboda haka kada ku yanke hukuncin balan-balan daga nan Damagaram. Ku tanadi kuɗin mai tsadar in da hali, amma ku roƙi likita ya leƙa tukuna, abin da ya gani shi zai zaɓa. Ku kuma tambaye shi ko zai sake leƙawa bayan kafa ragar, don a tabbatar ta buɗe ta manne da bango.

Kafin ku kama hanyar Yamai, tafiyar kusan kilomita 900, a maimaita gwajin ƙoda, ku riƙe sakamakon tare da kwalayen duk magungunan da yake sha, musamman na suga da na tsinka jini. Ku turo mini lambar da ta fito ta saƙon sirri in duba.