Gargaɗi ga masu haɗa ƙananan motoci a Legas: a kiyayi mai tallar kit ɗin fijo 504 da molue

Assalamu alaikum. Jama'ar Legas, musamman 'yan uwa na Agege, Idi-Araba, Mil 12 da Alaba Rago masu sha'awar haɗa ƙananan motocin roba, da iyayen da ke saya wa yaransu, ku yi hattara. Akwai wani mutum da ke tallar kit a Instagram da guruf-guruf na WhatsApp, yana karɓar kuɗin jama'a da sunan zai kawo musu tsofaffin motocin da muka tashi muka gani a titi. Wasu har yau ba su ga komai ba. Wasu an kai musu kwali, amma abin da ke ciki ba shi suka saya ba. Ba zan rubuta suna ba, domin sunan da yake talla da shi ba nasa ba ne, kuma da zarar asiri ya fara tonuwa sai ya rufe shafin ya buɗe wani. Salon damfarar tasa ne ba ya canzawa, shi zan bayyana muku.

Ga wanda bai san harkar ba, kit kwali ne da mota ke zuwa a cikinsa gutsi-gutsi: bodi daban, inji daban, kujeru, sitiyari, tayoyi, gilasai, har madubin gefe, duk manne a jikin firam na roba. Kai za ka yanke su ɗaya bayan ɗaya, ka goge, ka manna da gam, ka yi fenti, ka liƙa sitika, har ta fito tamkar motar gaske an ƙanƙantar da ita. Manyan kamfanonin da aka sani a wannan sana'a su ne Tamiya, Hasegawa, Aoshima da Fujimi, dukkansu a yankin Shizuoka na Japan, sai Revell, da Italeri na Italiya wanda ya shahara da manyan motoci irin su Scania, Volvo da DAF, da Heller da ya samo asali a Faransa, da AMT na Amurka. Kit na gaske ba ya araha a nan, domin daga waje ake kawo shi, da dala, ga kuɗin jirgi.

Wannan mutumin ya karanci zuciyarmu, shi ne abin da ya fi ba ni haushi. Ya san Bahaushen da ya haura shekara arba'in ba Ferrari ce ke motsa masa rai ba. Fijo 504 ce, wadda Faransa ta fitar a 1968, aka riƙa harhaɗa ta a Kaduna bayan buɗe masana'antar fijo a 1975, ta zama motar gwamnati, motar haya, motar kai amarya. Volkswagen Beetle ce, wadda aka harhaɗa a nan Legas, a Ojo kan hanyar Badagry, Yarbawa suna ce mata Ijapa. Marsandi 911 ce mai bodin katako da ta yi ta jigilar goro da shanu da albasa tsakanin Arewa da Kudu, wadda a kanta aka gina yawancin molue masu launin ɗorawa da suka cika Oshodi a da. Waɗannan yake talla. Hotunan kwalayen nasa masu kyau ne ƙwarai, da tambarin Tamiya na taurari biyu, ja da shuɗi, a kusurwa, an rubuta ma'aunin girmanta 1/24, ga fijo 504 tana sheƙi. Akwai ma wanda ya sa molue, har da rubutun addu'a a goshinta.

To ku ji da kyau. Tamiya ba ta taɓa fitar da kit ɗin Peugeot 504 ba. Fijo da ta yi na tsere ne, irin su 205 Turbo 16 da 405 da 206 WRC. Molue kuwa babu wani babban kamfani da ya taɓa zuba ta a roba ya sa a kwali. Hotunan nan a kwamfuta aka haɗa su. Wanda ya biya kuɗinsu ya biya kuɗin abin da babu shi a duniya.

Akwai wani dattijo a unguwarmu, tsohon direban gingimari ne da ya yi shekaru yana hanyar Kano zuwa Ikko kafin idonsa ya raunana. Jikansa ne ya nuna masa hoton 911 a waya, ya ce za su haɗa ta tare, a yi mata fenti irin na motar da ya tuƙa. Dattijon ya ciro kuɗi daga ɗan abin da yake tarawa ya bayar. Aka ce kaya suna cikin kwantena, ta kusa isowa Apapa, a ba da rabi kafin alƙalami. Aka tura. Bayan an ɗan kwana biyu sai ga saƙo, wai kwastan sun riƙe kwantenar, kowa ya ƙaro wani abu a fito da ita, in ba haka ba kuɗin farko ya bi ruwa. Aka ƙara. Daga nan sai wani kuɗi na ɗan aike mai babur. Da yaron ya fara matsa lamba, sai aka toshe lambarsa.

Ranar da suka zo mini da maganar, dattijon ya riƙe wayar dab da fuskarsa yana kallon hoton, yana nuna mini hancin motar da ɗan yatsa. Ya ce, "Malam, dubi nan, ko fitilar irin ta tawa ce. Ashe duk ƙarya ce?" Na ce, "Baba, motar da ke hoton gaskiya ce, wani gwani ne a wata ƙasa ya ƙera ta da hannunsa ya sa a intanet, wannan kuma ya sace hoton ya ɗora a kwalin ƙarya." Muka sa hoton a Google Lens, manhajar da ke gano inda hoto ya fito a intanet, a gabansa, sai ga shi ya fito a shafin masu wannan sana'a na ƙasar waje, an sa shi tun shekarun baya. Ya yi shiru, sannan ya ce Allah ya isa. Kuɗin ba su ne suka fi ci masa rai ba, alƙawarin da ya yi wa jikansa ne.

Ku lura da wannan batu na kwastan, domin da shi ake cin mutane sau biyu. Ɗan kasuwar da ya shigo da kaya shi ke da alhakin fito da su, kuma ya riga ya lissafa wannan a cikin farashin da ya faɗa maka. Wanda ya sayi kwali ɗaya babu ruwansa da kuɗin fito da kwantena. Duk ranar da aka ce ka ƙaro don kada na farko ya salwanta, to na farkon ya riga ya salwanta, kada ka bi shi da wani.

Salo na biyu ya fi wayo, domin a nan kaya suna zuwa. Kwali na gaske ne, na Revell ko Italeri ko Tamiya, an naɗe shi da leda tsaf kamar sabo. Ɗan aike zai tsaya a bakin titi yana gaggawa, ya ce shi aiko shi aka yi, ba a buɗewa sai an ga alat. Ka biya, ya tafi, ka shiga gida ka buɗe. Na ga irin wannan kwali da idona a hannun wani ƙanina, kit ɗin Land Rover ne. Firam ɗin gilasai babu shi gaba ɗaya. Tayoyi uku ne, ɗaya ma ya manne a jikin bonet ya cinye robar ya bar tabo, alamar ya daɗe a ajiye cikin zafi. An riga an yanke rabin kayan injin an shafa musu gam har sun narke. Takardar sitika ta yi ɗorawa-ɗorawa saboda danshi, da aka tsoma guda a ruwa, yadda ake yi kafin a liƙa ta, sai ta farfashe. A ƙasan kwalin kuma an cusa guntayen firam marasa komai don nauyi ya cika, in ka girgiza ka ji ƙara. Wato ragowar kayan da wani ya fara haɗawa ya watsar aka tattaro cikin kayan gwanjo, aka sake naɗewa.

Ledar waje ba shaida ba ce. Duk mai injin naɗe kaya, ko ma na'urar busar da gashi, zai iya yin ta a ɗakinsa. Shaidar tana ciki. Kit sabo firam-firam ɗinsa suna cikin ledojinsu na kamfani, kowane firam yana da harafinsa, A, B, C, kowane gutsure yana da lambarsa, kuma takardar bayani tana nuna inda kowace lamba za ta shiga. Galibi za ka ga sunan kamfanin a zube a jikin robar kanta. In an ce ba za ka buɗe ka duba waɗannan ba, mayar wa ɗan aiken kwalinsa. Hausawa sun ce ba a cinikin biri a sama.

Na uku kuma gajere ne: ka biya kuɗin 1/24, a kawo maka motar wasan yara ta kasuwa, ko ƙaramin ma'auni a ce ai shi ne. Wannan rula ke raba gardama. Ma'anar 1/24 ita ce an raba tsawon motar gaske gida 24. Beetle tsawonta ya ɗan haura mita 4, don haka bodinta a 1/24 zai kai wajen santimita 17. Fijo 504 mai kusan mita 4 da rabi za ta kusa santimita 19 a wannan ma'auni, a 1/43 kuwa santimita 10 da ɗoriya ce. Kamfanonin Amurka sun fi amfani da 1/25, bambancinsa da 1/24 kaɗan ne, wannan ba ha'inci ba ne. Amma in an kawo maka abin da bai kai tsawon tafin hannunka ba an ce 1/24 ne, an cuce ka. Ka ce mai kaya ya ɗora rula kusa da bodin ya ɗauko maka bidiyo. Mai gaskiya ba ya jin nauyin wannan.

Abin da ya fi sauƙi, kuma da an yi shi da babu wanda zai faɗa ramin nan, shi ne tambayar lambar kit. Kowane kit na gaske yana da lambarsa a gefen kwali. Na motocin Tamiya masu ma'aunin 1/24 lamba biyar ce da ke farawa da 24. Ka ɗauki lambar ka sa a shafin kamfanin, ko a Scalemates inda masu wannan sana'a suka tattara tarihin kit-kit, ka ga ko motar da ta fito ita ce aka nuna maka. Mutumin nan in ka tambaye shi lamba sai ya fara kewaye-kewaye, ya ce na musamman ne da aka yi wa Afirka, ko ya ce saura biyu kacal, wani Alhaji na Ikoyi na shirin kwashewa. Yakan kuma yi sallama da Hausa mai daɗi, ya sa "wallahi" da "amana" a kowane saƙo, har ya ce shi ɗan gida ne. Ni wannan ya fi ƙona mini rai, domin amanar da ke tsakaninmu a baƙon gari ita ce jarinmu, da ita ake ba da bashin buhu ɗari a Mil 12 ba tare da takarda ba, shi kuma ita yake ci.

Ku kuma dubi sunan asusun da za a ba ku. A duk waɗanda na ji labarinsu, sunan shafi daban, sunan mai magana daban, sunan da ke fitowa a banki daban, kuma kowane biya da sabon asusu. Ba shi da shago, ba ya yarda a haɗu, ba ya ɗaga kiran bidiyo. Ya kashe wurin sharhi a shafinsa, sai hotunan hirar yabo da shi ya rubuta wa kansa.

Wanda abin ya riga ya shafa kada kunya ta sa ya yi shiru don ana ganin kayan wasa ne. Karɓar kuɗi da yaudara laifi ne a dokar ƙasa, shi ne sashe na 419 da kowa ya sani, ga kuma dokar damfara ta 2006 da ta laifukan intanet ta 2015. Ka fara da bankinka tun da wuri, ka kai ƙorafi a rubuce da rasit ɗin tura kuɗin, domin in an yi jinkiri an riga an kwashe. Kada ka goge hirarku, ka ɗauki hotonta da lambar wayar da sunan shafin kafin ya rufe shi. Ka kai rahoto ofishin 'yan sanda mafi kusa, akwai kuma sashensu na musamman kan damfara a titin Milverton da ofishin EFCC a titin Awolowo, duka a Ikoyi. In waɗanda aka cuta suka haɗu suka je tare da shaidunsu, maganar ta fi nauyi. A sanar da sarkin Hausawan unguwa da limamai su ma, su ja kunnen jama'a. Kuma in wani ya kira ka ya ce zai dawo maka da kuɗinka in ka ba shi wani abu, ko ya nemi lambar sirri da banki ya turo maka, kashe wayar, abokin na farko ne.

Masu son motocinmu na da kuma, akwai na gaske da za ku samu. Tamiya tana da Beetle ƙirar 1966 a 1/24, Revell da Italeri suna da Land Rover Series III, Hasegawa da Revell suna da tsofaffin bas na Volkswagen da za ka iya yi musu fentin danfo, ɗorawa da baƙin layi. Wanda ya nace sai 911 mai bodin katako ko molue, hanyar ita ce ƙira da hannu: a auna motar gaske ko a tara hotunanta ta kowane gefe, a raba awon gida 24, a yanka falankin roba da siraran katako, a ari tayoyi da ƙarƙashi daga kit ɗin babbar mota. Aiki ne na watanni, amma ana yi. Ku saya a hannun wanda zai buɗe kwali a gabanku, ko ku ba ɗan uwa mai dawowa daga tafiya lambar kit ɗin ya sayo a shago. A taimaka a tura wannan saƙo guruf-guruf na unguwanni, musamman inda iyaye da dattawa suke, domin yanzu su yake bi.